Gundumar Loving ta Jihar Texas: Yadda Mutum 64 Suke Riƙe da Gwamnati Guda

A ƙidayar jama'ar da aka yi a Amurka a shekarar 2020, mutum 64 kacal aka samu a gundumar Loving da ke yammacin jihar Texas, kuma wannan adadi ya sa ta zama mafi ƙarancin jama'a a cikin gundumomi sama da 3,000 da ƙasar take da su. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,750, wato idan aka raba ƙasar ga mazaunanta, kowane mutum ɗaya zai tashi da kusan murabba'in kilomita 27. A watan Nuwamba na wannan shekarar kuwa, da aka ƙirga ƙuri'un zaɓen shugaban ƙasa a gundumar, sai aka samu 66: Donald Trump yana da 60, Joe Biden yana da 4, sauran biyun kuma na ƙananan 'yan takara ne. Ƙuri'un da aka kaɗa sun fi mutanen da aka ƙirga yawa, alhali ƙidaya takan haɗa har da yaran da ba su isa zaɓe ba. Wanda ya ji wannan daga nesa zai yi saurin cewa maguɗi ne, amma lamarin ya fi haka sarƙaƙiya, domin tushensa yana cikin dokar jihar kanta, da irin dukiyar da ke ƙarƙashin ƙasar, da kuma tsarin mulkin da aka tsara wa dubban mutane aka ɗora shi a kan 'yan gidaje kaɗan.

Gunduma a Amurka ita ce matakin mulki da ke ƙasa da jiha, kusan kwatankwacin ƙaramar hukuma. Texas tana da guda 254, fiye da kowace jiha, kuma kundin tsarin mulkinta na 1876 ya ba su fasali iri ɗaya ba tare da la'akari da yawan jama'a ba. Gundumar Harris, inda birnin Houston yake, tana da mutum sama da miliyan 4.7, amma majalisar da ke tafiyar da ita mutum biyar ce, daidai da ta Loving: shugaba ɗaya da ake kira alƙalin gunduma, wanda aikinsa ya fi karkata ga gudanarwa fiye da shari'a, sai kwamishinoni huɗu, kowannensu daga mazaɓarsa. Waɗannan biyar ɗin su ne suke yanke yawan harajin kadara, su amince da kasafin kuɗi, su kula da hanyoyin gunduma, su kuma tsayar da albashin ma'aikata, har da nasu. Baya ga su akwai sherif, wato zaɓaɓɓen shugaban 'yan sandan gunduma, wanda a ƙananan gundumomi shi ne kuma mai tattara haraji, da magatakarda, da ma'aji, da lauyan gunduma, da alƙalin ƙaramar kotu, da ɗan sandan kotu. Kujerun da ake cikewa ta hanyar zaɓe sun haura goma, kowace da wa'adin shekara huɗu. A wurin da mutum 64 suke zaune, wannan yana nufin kusan kowane gida yana da mai riƙe da kujera, ko mai neman ta, ko mai cin albashi a ƙarƙashin wanda yake kai. Idan kuma aka raba mutum 64 gida huɗu, kowane kwamishina yana wakiltar mutum 16 ne, don haka mata da miji da 'ya'yansu biyu da suka balaga suna iya sauya sakamakon mazaɓa sukutum.

Tarihin gundumar ya nuna cewa rikici a kan wane ne mazauni ya girmi duk wanda yake raye a can yau. Majalisar jiha ta yanke ta daga gundumar Tom Green a 1887, aka sa mata sunan Oliver Loving, wani mai fataucin shanu da ya rasu a 1867 bayan raunin da ya samu a wata arangama da mayaƙan ƙabilar Comanche kusa da kogin Pecos. Ƙidayar 1890 ta samu mutum uku ne a cikinta. Duk da haka, a 1893 wasu masu kamfanin noman rani suka gabatar da takardar koke mai ɗauke da sa hannun mutum 150, suna neman a ba gundumar gwamnatinta, aka yi zaɓe, aka ce an kaɗa ƙuri'a 83, kuma mutanen kamfanin suka ɗare kan kujerun. Ba a daɗe ba suka ciwo bashi da sunan gundumar, suka tattara nasu ya nasu suka gudu. A 1897 majalisar jiha ta rushe gwamnatin gundumar, ta mayar da harkokinta ƙarƙashin maƙwabciyarta Reeves. Sai a 1931 aka sake kafa ta, bayan an gano man fetur a shekarun 1920, aka mai da ƙauyen Mentone hedikwata.

Man ne ya kawo mutane, kuma raguwar haƙarsa ce ta kore su. Ƙidayar 1940 ta samu mutum 285, wanda shi ne adadi mafi yawa da aka taɓa rubutawa a hukumance, daga nan galibi aka yi ta sauka: 164 a 1970, 91 a 1980, 67 a 2000, aka ɗan tashi zuwa 82 a 2010, sannan aka faɗo 64. Abin da ya hana mutane zama ba ɓoyayye ba ne. Ƙasar hamada ce mai ƙayoyi, ruwan kogin Pecos yana da gishiri, kuma shekaru da yawa mazauna suna ɗauko ruwan sha ne a tanki daga wani wuri. Babu asibiti, babu banki. Makarantar gundumar ta rufe a 1972, aka haɗe ta da ta garin Wink da ke gundumar Winkler, kuma duk inda makaranta ta rufe, iyalai masu ƙananan yara su ne farkon tashi. Su kan koma garuruwan Pecos, ko Kermit, ko Monahans, ko Odessa da Midland, amma ba sa sayar da filin gado, ba sa kuma cire sunansu daga rajistar zaɓe.

A nan ne dokar jihar ta shigo. Dokar zaɓen Texas ta ce mazaunin mutum shi ne gidansa tabbatacce wanda yake da niyyar komawa bayan duk wata tafiya ta ɗan lokaci. Niyya kuwa a zuci take, kuma dokar ba ta faɗi yawan dararen da mutum zai kwana a wuri kafin a ce mazauni ne ba, ba ta kuma iyakance tsawon tafiyar da za a kira ta ɗan lokaci ba. Saboda haka mutumin da yake aiki a Midland, 'ya'yansa suna makaranta a can, matarsa tana sana'a a can, yana iya ajiye tsohuwar tirela a filin kakansa a Loving, ya ja mata wutar lantarki, ya rantse cewa nan ne gida kuma wata rana zai dawo. Mai karatu a Najeriya ba zai rasa gane wannan ba, domin ya san ɗan kasuwar da ya yi shekara 20 a Legas amma katin zaɓensa na mazaɓar ƙauyensu ne, kuma ba ya ganin ya yi wa kowa ƙarya. Bambancin shi ne, a mazaɓar da ke da dubban masu zaɓe irin waɗannan ƙuri'u sukan narke a cikin taro, a Loving kuwa su ne suke yanke hukunci. Ƙidayar jama'a tana tambayar inda mutum yake kwana a yawancin lokaci, rajistar zaɓe kuma tana tambayar inda zuciyarsa ta ɗauka gida, shi ya sa lissafin biyu ba sa haɗuwa. Akwai kuma wani ƙarin dalili: a ƙidayar 2020 hukumar ƙidaya ta ɗan jirkita alƙaluman ƙananan wurare da gangan don kada a gane bayanan ɗaiɗaikun mutane, kuma jirkitar da ba za a lura da ita a Houston ba tana da nauyi a inda jimillar ba ta kai 100 ba.

Da a ce kujerun nan ba su da maiƙo, da babu wanda zai wahalar da kansa. Amma Loving tana zaune ne a kan yankin Permian, wanda ya fi kowane yanki samar da man fetur a Amurka, kuma tun da aka ƙware a fasahar haƙa rijiya a kwance da fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa da matsin ruwa, a wajen shekarar 2010, ta shiga sahun gundumomin da suka fi fitar da mai a Texas. Jihar ba ta karɓar harajin kuɗin shiga daga ɗaiɗaikun mutane, gundumomi kuma sun dogara ne a kan harajin kadara, wanda ya haɗa da darajar man da ke ƙasa, da rijiyoyi, da bututu, da masana'antun tace iskar gas. Darajar kadarorin Loving ta kai biliyoyin daloli, kasafin gundumar ya tashi daga 'yan miliyoyi zuwa gomman miliyoyi a cikin shekaru kaɗan, albashin manyan zaɓaɓɓu kuma ya haura dala 100,000 a shekara. Kamfanoni ne suke biyan kusan dukan harajin, kuma kamfani ba shi da ƙuri'a. Wannan ya tsinke igiyar da ta saba ɗaure mai mulki da mai zaɓe, domin a yawancin wurare mutum yana sa wa shugabanni ido ne saboda kuɗinsa suke kashewa, a nan kuwa mai zaɓe ba mai biya ba ne, sau da yawa ma shi ne mai karɓa, ta hanyar albashi ko kwangila.

Akwai wasu mutanen da lissafin ya manta da su baki ɗaya. Duk wanda ya tsaya a bakin babbar hanya mai lamba 302, wadda ta ratsa Mentone ta gaban ginin kotun da aka gina a 1935, zai ga manyan motocin ɗaukar yashi da ruwa da bututu suna bin juna tun kafin gari ya waye, ƙura ta turnuƙe, kwalta ta farfashe saboda nauyi. Dubban ma'aikata ne suke shiga gundumar kowace rana, da yawa kuma suna kwana a sansanonin wucin gadi na kamfanoni har tsawon makonni kafin su koma wajen iyalansu. Su ne suke bin hanyoyin, su ne haɗari yake rutsawa da su, su ne suke jiran motar asibiti idan wani abu ya faru a bakin rijiya, amma ƙidaya ba ta sa su a Loving ba, kuma ba sa zaɓe a can. A ganina wannan shi ne giɓin da ya fi kowane muni a tsarin, ya fi batun tirelar da babu kowa a ciki, domin masu ƙuri'a da yawa ba sa kwana a gundumar, masu kwana a cikinta da yawa kuma ba su da ta cewa a kan yadda ake kashe dukiyar da guminsu yake fitarwa.

Siyasar cikin gida ta Loving siyasar dangi ce. Iyalin Jones sun daɗe suna da ƙarfi: Elgin Jones, wanda aka fi sani da Punk, ya riƙe kujerar sherif kusan shekara 30, ɗansa Skeet Jones ya zama alƙalin gunduma a 2007, 'yar'uwar Skeet kuma ta riƙe kujerar magatakarda. Dokar Texas ta hana jami'i ya naɗa ɗan'uwansa na kusa a aikin gwamnati, amma ba ta hana 'yan gida ɗaya su tsaya takara a zaɓe su ba, kuma a wurin da kowa dangin kowa ne, wannan ƙofa ce a buɗe. Adawar ma daga cikin gidan take fitowa, domin ɗaya daga cikin manyan masu ja da Skeet Jones ɗan ɗan'uwansa ne. A watan Mayun 2022 rikicin ya fito fili har jaridun ƙasar suka ɗauka, lokacin da jami'an ƙungiyar masu kiwon shanu ta Texas, waɗanda doka ta ba ikon binciken satar dabbobi, suka kama alƙalin gundumar, Skeet Jones, yana da shekara 71, bisa zargin tattara ɓatattun shanu da sayar da su ba tare da bin ƙa'ida ba. Zargi ne, kuma magoya bayansa sun ce siyasa ce. Bayan 'yan kwanaki, alƙaliyar ƙaramar kotu ta sa aka kama wasu mutane da suka amsa kiran zama masu taya alƙali yanke hukunci, ciki har da ɗan alƙalin gundumar da wani kwamishina, a kan cewa ba mazauna gundumar ba ne na gaskiya. Ta kafa hujja da wata doka da majalisar jiha ta yi a 2021, wadda ta hana mutum ya kafa mazauni don ya rinjayi sakamakon zaɓe, ta kuma hana shi kiran tsohon gidansa mazauni idan ba ya zaune a ciki. Bayan zaɓen Nuwamba na shekarar, wasu da suka faɗi da 'yan ƙuri'u suka garzaya kotu, inda aka riƙa kiran masu zaɓe ɗaya bayan ɗaya ana tambayarsu inda suke kwana, da inda tufafinsu suke, da yawan wutar da mitar gidansu ta nuna sun sha.

Wannan ya nuna wata matsala da ba a cika lura da ita ba. Shari'a a Amurka ta dogara ne a kan mutum 12 masu taya alƙali yanke hukunci, waɗanda ba su da alaƙa da mai ƙara ko wanda ake ƙara, kuma samun irin waɗannan 12 ɗin a Loving abu ne mai wuya ƙwarai. Sherif da zai yi bincike, da magatakardan da ke riƙe da takardu, da shaidu, duk ko dai dangi ne ko abokan gaba. Duk wani kamu sai a fassara shi da ramuwar gayya, duk wani sassauci kuma sai a ce son kai ne, ko da jami'in ya yi aikinsa tsakani da Allah.

Ƙarancin masu zaɓe ya kuma sa gundumar ta zama abin kwaɗayi ga baƙi. A tsakiyar shekarun 2000 wasu masu aƙidar rage ikon gwamnati suka shirya kwaso magoya bayansu su zauna a Loving, su ƙwace kujerun ta hanyar ƙuri'a, su daina aiwatar da dokokin da ba sa so. Sherif na lokacin, Billy Hopper, ya binciki takardun filin da suka ce sun saya, aka shigar da ƙara a kansu, shirin ya watse. A 2025 wani mutum daga jihar Indiana ya sake gwada irin wannan, yana yi wa mabiyansa alkawarin gidaje da kuɗin wata idan suka ƙaura suka yi rajista, har sai da babban lauyan jihar ya kai shi kotu. Abin lura shi ne, dokar niyya da tsofaffin iyalai suke fakewa da ita ita ce baƙin ma suke riƙewa, kuma yana da wuya a rufe ƙofar ga wani a bar ta a buɗe ga wani.

A siyasar ƙasa kuwa Loving ba ta da wani nauyi. Tana bin jam'iyyar Republican kamar sauran karkarar yammacin Texas, ko da yake a 1992 ta ba ɗan takara mai zaman kansa Ross Perot rinjaye. Kowace mazaɓar majalisar wakilai ta tarayya a Texas tana da mutum wajen 767,000, don haka ƙuri'un Loving ba sa motsa komai. Yadda nauyin ƙuri'ar karkara ya ragu ma yana da alaƙa da wannan yanki na Texas. Kafin shekarun 1960 karkara tana da rinjayen da ya wuce yawan jama'arta, kuma shari'ar da ta karya wannan a matakin gunduma daga gundumar Midland ta fito. A can, mazaɓar da ta ƙunshi birnin tana da mutum 67,906, sauran ukun na karkara kuma suna da 852 da 828 da 414, amma kowace tana da kwamishina ɗaya. Magajin garin, Hank Avery, ya kai ƙara, kuma a 1968 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa dole mazaɓun ƙananan hukumomi su kasance da kusan yawan jama'a ɗaya. Hukuncin ya daidaita nauyin ƙuri'a a cikin kowace gunduma, amma bai taɓa tambayar ko akwai adadin da idan jama'a suka gaza kai shi, gwamnati mai cikakken iko ba za ta yi aiki yadda aka tsara ta ba.

Wasu suna ganin maganin shi ne a haɗe Loving da Reeves ko Winkler, kamar yadda aka yi da makarantarta. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin dukiyar za ta kai ga garuruwan da ma'aikatan suke zaune da asibitocin da ake kai su. Sai dai kundin jihar ya ce ba za a yanke wani ɓangare na gunduma a haɗa shi da wata ba sai masu zaɓen ɓangarorin biyu sun amince, kuma babu dalilin da zai sa mutanen Loving su kaɗa ƙuri'ar rushe abin da suke ci daga gare shi. Ba kuma kwaɗayi ne kaɗai ba. Akwai iyalan da suka jure fari da rashin ruwa tun zamanin da rijiyoyin suka kusa ƙafewa, suka riƙe gundumar lokacin da babu mai son ta, kuma tsoronsu na cewa hedikwata mai nisa za ta manta da hanyoyinsu tsoro ne mai tushe. A wannan ƙaramin wurin ne ma Edna Reed Clayton Dewees ta zama sherif a 1945, mace ta farko da aka zaɓa a wannan muƙami a Texas, abin da ke nuna cewa inda mutane suka san juna ido da ido, cancanta takan samu hanyar da ba ta samu a babban gari.

Abin da ya fi kusa da yiwuwa, kuma nake ganin ya fi dacewa, shi ne a bar gundumar da iyakokinta amma a fitar da wasu ayyuka daga hannun dangi. Majalisar jiha tana da ikon ta sa wa mazauni ma'aunin da ake iya gani da ido, kamar yawan kwanakin da mutum yake yi a wuri a cikin shekara, tare da keɓe ɗalibai da sojoji da marasa lafiya da ke jinya a wani gari. Tana iya wajabta cewa a gundumomin da jama'arsu ba su kai wani adadi ba, masu binciken kuɗi daga waje su duba kasafi kowace shekara, kuma duk shari'ar da ta shafi zaɓaɓɓen jami'i a kai ta wata gunduma tun daga farko. Tana kuma iya ware wani kaso na harajin mai domin hanyoyi da motocin asibiti na yankin baki ɗaya, yadda direban da ke bin hanya ta 302 da asuba zai amfana ko da ba shi da ƙuri'a a Mentone. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya buƙatar a gyara iyakar gunduma, amma kowannensu zai shafi sauran ƙananan gundumomin Texas irin su King da Kenedy da Borden, waɗanda kowace ba ta kai mutum 1,000 ba, kuma wakilan karkara a majalisar da ke Austin, babban birnin jihar, ba sa son dokar da za ta rage wa majalisun gundumominsu iko.